Yadda Na Yaƙi Gasar Rugbi a Matameye

Ko ranar ɗaurin aurena na fara manta wasu abubuwan da suka faru a cikinta, amma Lahadin da aka buga wasan ƙarshe na gasar rugbi a garinmu, ba na jin za ta taɓa fita daga kaina. Kuma ko na so in manta, mutanen Matameye ba za su bar ni ba. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, tun da kowa ya riga ya ba da nasa, har da waɗanda ba su je filin ba.

Na daɗe ina aikin surbeyan a kolej, wato ni ne mai tsayuwa bakin ƙofa da safe ina jiran wanda ya makara, ni ne kuma ake kawo wa masu faɗa. Da na ajiye aiki, iyayen ɗalibai suka zaɓe ni shugaban ƙungiyarsu. Ina da zafin rai, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. (Ni dai "tsayuwa kan gaskiya" nake kiransa. Mai ɗakina tana da wani sunan da ta ba shi, ba zan rubuta ba.)

Wanda ya kawo mana wannan wasa wani matashin malamin motsa jiki ne, Mushe Lawali, da aka turo daga Yamai. Ya iso da jaka ɗaya da wata ƙwallo mai kama da gwanda, wadda in ta faɗi ƙasa ita kanta ba ta san inda za ta nufa ba. Ya fara da ɗalibai, sai samarin gari suka shiga, kafin a ankara ya haɗa gasa tsakanin garuruwan yankin: Matameye, Dungu, Icirnawa, Kance da wasu ƙauyuka. Mutum bakwai kowane ɓangare, a yi minti bakwai a huta, a ƙara bakwai a tashi. Ka rungume ƙwallon ka ruga da ita ka dangwarar a bayan layin abokan karawa. In za ka ba ɗan'uwanka, baya kake jefa masa, ba gaba ba. Su kuma waɗancan aikinsu su kamo ka su kayar. Iyakar abin ke nan. Wai wasa.

Ranar da na fara gani, wucewa nake yi a kan keke ta bakin fili, sai na hangi ƙarti sun taru a kan mutum ɗaya sun danne. Na yar da keken ina ihu, "Ku raba su! Ba babba a wurin nan ne?" Wani ya ce, "Baba, ai wasan ke nan." Tun daga ranar na ƙullaci abin.

Kada ku ɗauka ƙiyayyar banza ce. Shekarun baya an yi wasan ƙwallon ƙafa tsakanin samarinmu da na wani gari, aka tashi da jifa da sanduna. Ni na ɗauki ɗalibina a kafaɗa har asibiti, jininsa na bin wuyan rigata, kuma har yau da ido ɗaya yake gani. Ni na je na gaya wa uwarsa. To mutumin da ya ga haka a wasan da aka hana taɓa ɗan'uwa da hannu, sai ka zo ka ce masa ga wani sabo, wanda dokarsa ma ita ce a kama mutum a maka da ƙasa? Kuma tsakanin gari da gari? Raina ya ɓaci, kuma har yanzu ina ganin ina da dalilin ɓacin rai. Inda na kai shi ne abin kunyar.

A shekara ta uku labari ya zo cewa wasu baƙi za su zo daga Damagaram, daga cikin masu kula da wasan a jiha, su kalli ranar ƙarshe, sannan su yanke shawara: ko a ƙarfafa gasar a nan Matameye, a ƙara garuruwa, har a buɗe ta ƴan mata, ko kuwa a ɗauke ta a mayar birni inda akwai fili mai katanga. Ni kuma na ce akwai hanya ta uku da ba su faɗa ba: a binne ta kowa ya huta.

Na kira taron iyaye a ƙarƙashin itatuwan bedi na harabar lakwal, wato makaranta, na sa aka kira Mushe Lawali.

"Mushe," na ce, "ga iyaye nan. Gaya musu amfanin wannan abin. Me yake ƙara wa yaro ban da karaya?"

Ya miƙe a natse. Wannan natsuwar tasa ita ce ta fi komai ƙona mini rai.

"Baba, da an gama girbin hatsi, ina samarinmu suke? Wasu sun hau mato sun yi Kano, wasu sun yi arewa, shekara ta zagayo ba labarinsu. Sauran suna zaune a fada, majalisarsu ta bakin titi, suna shan shayi tun hantsi har magariba. Ni abin da nake nema, saurayi ya tashi da safe yana da abin da yake jira, yana da mutum shida da in bai zo ba za su zo nemansa har gida. Kuma wasan nan ba ya korar kowa. Ƙato yana da wuri, siriri yana da wuri, gajere ma haka. Ƙauyen da ba zai iya tara sha ɗaya ba zai tara bakwai."

"Faɗa fa?" na ce. "Ka tsallake faɗa."

"Shekara biyu muna yi, ko mari ba a taɓa yi ba. Wanda ya kayar da kai shi zai ɗaga ka. In an tashi kuma tire ɗaya suke sa hannu."

Na bugi tebur har kofin ruwa ya kife. "Ƙarya ne! Lokaci ne bai yi ba! Na rantse kafin a rufe gasar bana sai an ɗaga hannu a kan wani a filin nan, kuma a gaban baƙin naka. Ku rubuta ku ajiye!"

(Sun rubuta. Sun ajiye.)

Na koma gida na tsara takardar ƙorafi da Faransanci, na zaɓo kalmomi mafi nauyi da na sani. Na bi gida-gida ina neman sa hannu. Wasu sun sa don sun yarda da ni, wasu kuwa, yanzu na gane, sun dangwala yatsa ne kawai don in tashi daga zaurensu.

A cikin gidana ma ban yi sake ba. Ɗana na uku, Habibu, saurayi ne da ya wuce ashirin, gyaran moto, wato babur, yake yi a bakin tasha. Shekarar da ta gabata ba shi da zance sai na tafiya arewa haƙar zinari, muka yi ta kai ruwa rana da shi, sai kuma na ji ya yi shiru da maganar. Na ce alhamdulillahi, nasihata ta shiga. Na kira shi na ce, "In na ji ka taɓa gwandar nan ta Mushe Lawali, ka nemi wani uban." Ya ce, "To, Baba." Uwarsa ta kawar da kai ta ci gaba da tankaɗe. Wani lokacin yakan dawo yana ɗingishi, in na tambaya ya ce moto ce ta faɗo masa a ƙafa. (Moton nan kullum Laraba da Asabar take faɗowa, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Ni da na yi shekaru ina gano ƙaryar ɗalibi tun kafin ya buɗe baki.)

Ranar Lahadin na sha babbar rigata shuɗiya mai sitati, na naɗe takardar ƙorafi na sa a aljihu. Aka zaunar da ni a rumfar manya, daidai gefen shugabar baƙin, wata mace mai tabarau da ake kira Madam Rakiya, da ɗan littafinta a cinya. Tun kafin a busa usur na wasan farko na fara yi mata bayani. Na ce, "Madam, ki dai zuba ido. Na san yaran yankin nan. Yau za ki ga abin da nake faɗa."

Aka fara. Duk kayen da aka yi sai in matso in ce, "Yanzu za ki gani." Sai su tashi su kakkaɓe jiki su ci gaba. Wani ƙaton ɗan Icirnawa ya yi sama da wani ɗan siririn Kance ya shimfiɗe shi a rairayi, na ce to shi ke nan, an zo wurin. Sai ƙaton ya kama shi ya tayar, har da share masa ƙasa a fuska. Haka aka wuni. Rana na yin sama, haushina na ƙaruwa. (Ku duba fa: dattijo mai furfura yana zaune yana tafasa don ƴaƴan mutane sun ƙi yin faɗa. A lokacin ban ga wani aibu a ciki ba.)

Bayan la'asar aka zo wasan ƙarshe, Matameye da Dungu. Fili ya cika har kan itatuwa, makaɗa sun gyara zama. Dungu kuwa can ƴata Ramatu take aure, shi ya sa na ƙara ɗaure fuska, don in rikici ya tashi har zumunci zai shafa. Ƴan wasa suka fito, wasu sun sa wata hula mai laushi mai rufe kunne, duk jikinsu ya yi buɗu-buɗu. Sai na ga wani a ƙarshen layin ƴan Matameye, doguwar ƙafa, yana tafiya yana ɗan karkata kafaɗar hagu. Irin tafiyar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Mutum ɗaya ne ya gaje ta.

Kafin in gama gaskata idona, fili ya ɗauka: "Habibu! Habibu jirgi!"

Jirgi. Har laƙabi gare shi. Gari duka ya sani, masu tallan ruwa sun sani, makaɗa sun sa shi a kirari, sai ni kaɗai, mai bin gidajen mutane ina koya musu yadda za su riƙe ƴaƴansu. Daga baya na ji cewa tun safe yana ɓoye a bayan ajujuwa saboda ni, sai da aka zo na ƙarshe abokansa suka ce in ba shi ba za su shiga ba.

Madam Rakiya ta ce, "Malam, lafiya? Ka san shi ne?"

Na ce, "Na san ubansa. Sakarai ne."

Rabin farko ban ga komai ba, ina ta shirya abin da zan yi masa a gida. Na kore shi sau uku a zuciyata, na dawo da shi don in sake korarsa. Aka juya fili. Maki ya yi kusa, kowa ya miƙe tsaye. Sai ƙwallon ta bi hannu-hannu, baya-baya, har ta iso ga Habibu a gefen layi, daidai gaban rumfarmu. Ya rungume ta ya saki ƙafa.

Ban taɓa sanin yaron nan yana da gudu haka ba. Ya wuce na farko, ya goce wa na biyu har sai da ya rungumi iska. Sai kawai na ji wani yana ihu kusa da kunnena, "Gudu! Gudu, ɗan albarka! Kar ka waiwaya!" Na duba in ga wane marar kamun kai ne a rumfar manya. Ni ne. Ina tsaye a kan benci, takardar ƙorafi a hannuna ina kaɗa ta sama kamar tuta.

Saura taku kaɗan ya kai layi, wani faffaɗan ɗan Dungu mai hular nan ya fito ta gefe, ya sunkuya ya kwashe shi ta cinyoyi. Na ji ƙarar faɗuwar har cikin haƙorana. Ƙura ta tashi. Da ta lafa, Habibu na kwance bai motsa ba.

A nan hankalina ya tafi. Ba fili nake gani ba, ɗalibin nan nake gani da jini a wuyan rigata. Ɗan Dungun ya miƙe ya tsaya a kansa, ya miƙa hannu ƙasa. Kowa ya ga hannu a buɗe. Ni dunƙule na gani.

Yadda na diro daga benci na keta filin da babbar riga, ban sani ba. Waɗanda suka gani sun ce da Mushe Lawali ya san ina da wannan gudun da ya sa ni a ƙungiya. Abin da na sani, na tsinci takalmina na dama a hannu, irin sau-cikin fata mai kauri na ɗinkin kasuwa, na sami ɗan Dungun ta baya na sauke masa a gadon baya. Na ƙara a kafaɗa. Na ƙara a ƙeya.

"Ɗan wa za ka kashe? Ɗan wa? Marar tarbiyya! Uban da ya haife ka ma bai isa ba! Ku mutanen Dungu dama haka kuke!"

Bai rama ba, bai ko kare ba. Ya juyo a hankali ya cire hular. Sai ya durƙusa a cikin rairayi, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ina wuni. A yi haƙuri, Baba."

Maman Sani ne. Mijin Ramatu. Uban jikata.

Za ku ce yaya mutum zai wuni yana kallon surukinsa bai gane shi ba. To ni tun safe ba fuskoki nake kallo ba, hannuwa nake kallo ina jiran naushi. Ban da haka, tun da yaron nan ya auri ƴata bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, kullum a durƙushe yake kai a ƙasa. Tsakiyar kansa na sani. Sai da ya durƙusa na ga tsakiyar kan, sannan na tabbata.

Kiɗa ya tsaya. Fili ya yi tsit, har ina jin kukan akuya daga wani gida can nesa. Habibu ya tashi zaune, ba abin da ya same shi, numfashi ne kawai ya ɗauke masa. Ya dube ni, ya dubi takalmin, ya ce a hankali, "Baba, ɗaga ni zai yi."

Sai wani ɗan neman magana daga kan itace ya kwarma, "An ɗaga hannu! Surbeyan ya faɗa, ga shi ta tabbata!"

Ɓangaren Matameye ya fashe da dariya. Amma ɓangaren Dungu ba su yi dariya ba. Sun ji abin da na ce game da garinsu. Na ga sun fara turowa cikin fili, na ga wani ya sunkuya yana laluben ƙasa. Na san wannan sunkuyon, na taɓa ganinsa. Abin da na shekara uku ina tsoro ga shi zai faru, kuma ni na kunna shi da hannuna.

Ba wanda ya ba su umarni. Yaran nan goma sha huɗu, na Dungu da na Matameye, suka jeru suka kama hannun juna suka fuskanci jama'a, ni ina bayansu. Maman Sani ya miƙe, sawun takalmina a bayan rigarsa, ya ɗaga hannu biyu ga mutanen garinsu.

"Babana ne! Ba ruwan kowa! Babana ne ya dake ni, ku koma!"

Suka tsaya. Suka yi gunaguni. Suka koma.

Alƙalin wasa ya matso, tsohon ɗalibina ne da na sha sa shi tsallen kwaɗo, jan kati a hannunsa. Ya ce, "Baba, ban san ko doka ta ba ni ikon nuna maka wannan ba. Amma don girman Allah ka fita." Mushe Lawali ya zo ya kama hannuna ya raka ni har bakin fili. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Na bi ta gaban jama'a ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ɗayan a hannu, na manta ma ana sa shi. Kowace waya a garin nan tana kaina.

Da na zo wucewa ta rumfa, Madam Rakiya ta ce, "Malam, takardar da ka ce za ka ba ni fa?"

Na ce na manta ta a gida. Tana nan a hannuna na hagu, a dunƙule, kowa na gani.

Dungu ce ta ci, aka ce mini. Ni ta lungu na bi na koma gida. Kafin in isa hoton ya riga ni. Mai ɗakina na zaune da waya a hannu. Na buɗe baki zan fara da ita, don dole in sauke a kan wani, ta ce, "Kar ka wahalar da kanka. Ni nake wanke masa rigar wasan, a bayan rumbu nake shanyawa." Ramatu ta kira tana kuka, ta ce da wane ido za ta dubi uwar mijinta. Na yi fushi da mai ɗakina, na yi fushi da Mushe Lawali da ya kawo wasan, da wanda ya ƙirƙiro waya mai ɗaukar hoto, da ɗan banzan nan na kan itace. Na zagaya kowa da kowa, fushin ya ƙi zama a kan kowa, ya dawo inda ya dace.

Kwana uku Habibu bai ce mini komai ba ban da gaisuwa. Rana ta huɗu da safe ya same ni a zaure.

"Baba, baƙin sun ce filinmu ba tsaro. Za su ba da shawarar a mayar da gasar Damagaram."

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"In an mayar, ba mu za mu buga ba. Wa zai bar garejinsa da dabbobinsa ya riƙa zuwa birni? Ƴan can za su buga. Ni kuwa in babu ita, tafiyata zan yi arewa kamar yadda na yi niyya. Ita ta riƙe ni, Baba. Ba faɗan da kake yi mini ba."

Ya faɗe ta ba tsawa, ba rashin kunya, ya tashi ya tafi aiki.

Washegari na sayi goro na shiga mato zuwa Dungu, wurin Alhaji Isufu, mahaifin Maman Sani, mutumin da na ce a gaban duniya bai isa ba. Na yi sallama ya bar ni tsaye a rana na ɗan lokaci, sannan ya leƙo.

"Bismilla, shigo. Amma ka bar takalman a waje. Nesa kaɗan."

Dattawan da ke zaure suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na girgiza. Na haɗiye. Na ba da haƙuri, irin haƙurin da ban taɓa ba wani mahaluƙi ba. Ya saurare ni har na gama.

"Zagin da ka yi mini ya wuce," in ji shi. "Dukan kuma tsakaninka da ɗanka ne, shi ya ce ya yafe tun a fili. Abin da ban yafe ba shi ne wanda ka jawo wa yaran. Maman Sani ya tara samari a garin nan waɗanda da yanzu ba ko ɗaya a gida. Bana da su muka gyara rijiyar unguwa. In kana son in karɓi goron nan, je ka gyara abin da ka ɓata."

Da baƙin suka dawo zaman yanke shawara, a ƙarƙashin bedin nan dai, na nemi magana. Mutane suka gyara zama, wasu suka fito da waya. Na yi niyyar in yi magana a sanyaye, wallahi na yi niyya. Jimla biyu na yi, abin ya motsa.

"Shekara uku yaran nan suna kayar da juna, ba wanda ya ɗaga wa wani yatsa! Mutum ɗaya ne ya yi hauka a filin nan, ga shi tsaye gabanku! Ni za ku hukunta, ba su ba! Kun ce ba tsaro. Wa ya tsare filin ranar? Katanga ce? Yaran ne suka tsare shi, har da ni suka tsare! Damagaram me ta rasa? Samarin da ake so a riƙe a nan suke, a Dungu suke, a Icirnawa suke. In kun kai ta birni za ta yi kyau a hoto, amma kun ƙwace ta daga hannun masu buƙatarta!"

Madam Rakiya ta cire tabarau ta ce, "Malam, ba za ka iya magana ba sai ka bugi tebur?"

Na duba, ashe tun ɗazu dukansa nake yi. Na ce, "Ban iya ba, Madam."

Abin da suka yanke bai yi wa kowa daɗi duka ba. An bar mana gasar shekara ɗaya ta gwaji, daga nan a sake dubawa. Za a zagaye fili da igiya, kowane gari ya ba da dattawan da za su tsare ta. Maganar ƙara garuruwa an jingine. Ta ƴan mata ma an jingine, alhali Mushe Lawali ya yi wata da watanni yana koya musu, sun ɗinka riguna, suna jira. Wannan ita ce ta fi ci mini rai, don har yau in na haɗu da ƴan matan nan a hanya suna gaishe ni, amma gaisuwar a bushe take, kuma ba ni da bakin cewa komai.

Mushe Lawali, mutumin kirki, ya so ya wanke ni, ya ce a sa ni cikin dattawan da za su tsare igiyar. Madam Rakiya ta ce, "A'a. Shi a bayan igiyar zai zauna. A sa masa mutum biyu, ɗaya dama ɗaya hagu." Aka rubuta wannan ma.

Habibu bai tafi ba. Alhaji Isufu ya karɓi goro. Maman Sani in ya zo gida yana durƙusawa kamar kullum, sai dai na lura yanzu yana ɗan ba da tazara. Ko gasar za ta tsira bayan shekarar gwajin, ban sani ba, kuma duk wanda ya zo da zancen ɗauke ta, da ni zai yi. Har yanzu in aka kwashe yaro ta cinya gabana faɗuwa yake yi, har yanzu raina na ɓaci sau goma kafin azahar. Halin da na kai furfura da shi ba zai bar ni yanzu ba, na daina yaudarar kaina.

Abin da na iya canzawa shi na canza. Na je kasuwa na sayi takalmi mai igiya, irin na sojoji, mai ramuka har idon sawu. Duk taron da zan je shi nake sawa, in ɗaure tam, ƙulli biyu. Na gwada a gida: kafin in kwance ƙafa ɗaya, hankalina ya dawo.